Albarkar Bakin Korau

Dalilin da ya sa, idan mutum ya taya kaya a kasuwa tayin bai kai ba, mai kayan yake ce masa "albarka" maimakon ya ce bai sayar ba, ba wai don 'yan kasuwa sun fi kowa tsoron Allah ba ne. Ku cire wannan daga ranku tun kuna ƙanana. Maganar tana da asali, kuma asalin nata ba wani abin alfahari ba ne.

A zamanin da, babu wannan kalma a ciniki. Idan ka taya kaya tayin ya yi wa mai kaya, sai ya ce ya sallama. Idan bai yi masa ba, sai ya tsine maka. Haka tsarin yake, kuma ba wanda yake ganin wani abu ne. Mai gishiri ya tsine maka, mai daddawa ta tsine maka, kai ma ka rama, kowa ya kama gabansa. Magidanci kan fita cefane da hantsi ya dawo da azahar ɗauke da tsinuwa bakwai da 'yar kuɓewa a cikin aljihu. Kasuwa kan cika maƙil, amma ciniki kaɗan ne, don wanda aka tsine wa ba ya tsayawa ya ƙara tayi.

To, a kasuwar Gangare, wadda take ci ran Laraba, akwai wani maƙeri ana ce masa Korau. Duk ƙasar nan ba mai ƙera fartanya kamarsa. Fartanyar Korau sai ta yi damina biyar bakinta bai lanƙwashe ba, ƙotarta kuma ba ta sa wa mutum kanta a hannu. Haka nan duk ƙasar ba mai tsinuwa kamarsa. Sauran 'yan kasuwa gajarta tasu suke yi, don suna da abin yi. Shi kuwa cikakkiya yake kawowa. Sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ja numfashi, ya ce, "Allah ya tsine maka albarka." Yakan faro ta a hankali daga cikin ƙirji, ya sauke kalmar ƙarshe da ƙarfi yadda har masu awaki a ƙarshen kasuwa sai sun waiwayo.

Sakamakon haka fartanyu suka taru a rumfarsa suna tsatsa. A rumfar da ke kusa da shi akwai wani maƙerin, wanda fartanyarsa ko ciyawar bayan ɗaki ba ta iya nomewa, amma shi ne yake sayarwa. Ba wata dabara gare shi ba. Muryarsa ce a dushe tun yana yaro, ko ya tsine wa mutum ba a ji, sai mai saye ya ɗauka tari yake yi, ya tsaya ya ƙara tayi.

Matar Korau, Tasalla, ta lura da wannan, don ita takan zo kasuwar sayar da ƙuli-ƙuli. Ta sha gaya masa cewa wanda ba ya son kayanka wucewa yake yi ko kallo ba ka ishe shi ba. Wanda ya tsaya ya ɗaga fartanya ya juya ta ya taya, ko da tayin raini ne, to so yake yi, kuma aikinka shi ne ka riƙe shi har ya hau inda kake. Korau ya ce mata ƙarfe ba ya ruɓewa, zai jira mai hankali. Ta ce ta ji ƙarfe ba ya ruɓewa, amma rumbu yana ƙarewa, kuma ba ta taɓa ganin an tuƙa tuwo da fartanya ba.

Wata safiya suna tsakar gida, maƙwabta mata biyu sun shigo aron turmi, Tasalla ta sake ta da maganar. Ta ce da zai rage ko da kaɗan ne daga farashin fartanyun, da an kwashe su kafin ruwa ya sauka, har ta faɗi abin da take ganin ya dace a sayar. Kunnen Korau bai ji matarsa ba, tayi ya ji. Kafin ya ankara ya ajiye ƙwaryar kokonsa, ya ja numfashi, ya sauke mata ita cikakkiya, a gaban mutane.

Tasalla ba ta yi kuka ba. Ta miƙa wa matan turmin, ta shiga ɗaki ta ɗaure kayanta, ta fito ta kama hanyar gidan mahaifinta a Unguwar Ɗinya.

Kada ku ɗauka Korau ba ya sonta. Yana sonta ƙwarai, fiye da yadda ya taɓa faɗa mata, kuma tun kafin ta kai bakin zaure ya yi nadama. Amma magana zarar bunu ce. Ya aika biko sau biyu, sau biyu aka dawo masa da goronsa. Ya rame, ya daina hura wutar maƙera, gidan ya yi masa faɗi.

Mahaifin Tasalla, Malam Nomau, tsohon manomi ne mai sanyin hali, ba ya yanke hukunci a kan ji. Ya ce wa 'yarsa shekara bakwai yaron nan yana zuwa gaishe shi, bai taɓa jin muryarsa ta fi ta sauro ba, yanzu kuma a ce masa shi ne sarkin tsinuwar Gangare. Gani ya kori ji. Zai je kasuwa da kansa ya taya fartanya. Idan Korau ya tsine masa kamar yadda ake faɗa, to daga nan gidan alƙali zai wuce, auren ya ƙare. Idan bai tsine ba, ta koma ɗakinta.

Ran Laraba, shamuwa ta riga ta iso, kowa yana neman kayan noma. Malam Nomau ya yi shiri don kada a gane shi. Ya ari babbar riga, ya naɗa rawani ya rufe baki da hanci, ya ɗora malafa a kai, har akuyarsa sai da ta gudu da ta gan shi. Sai dai dattijon ya yi kuskure ɗaya. Ya ɓoye fuska ya manta da ƙafa. Ku kun san yadda suruki yake gaida suruki: daga nesa yake cire takalmi, ya durƙusa, ya dubi ƙasa, har a gama gaisuwa bai ɗaga ido ba. Shekara bakwai ɗin nan, da za a tambayi Korau yadda hancin Malam Nomau yake, da sai ya yi ƙarya. Amma ƙafafunsa ya san su kamar tafin hannunsa. Ya san fason dugadugansa ɗaya bayan ɗaya, ya san babban yatsan hagu da ba shi da farce.

Korau yana zaune a rumfa kansa a sunkuye, yana goge tsatsa. Dattijo ya tsaya, ya ɗauki fartanyar da ta fi kowace kyau, ya juya ta, ya sauya murya ya ce, "Maƙeri, wannan 'yar ƙarfen ta sayarwa ce?" Sannan ya yi tayin da ko allura ba zai saya ba.

Masu rumfunan kusa suka dakatar da abin da suke yi, don sun san abin da zai biyo baya. Korau ya ajiye tsumman hannunsa. Ya ja numfashi. Tsinuwar ta taso daga ƙirji, ta kamo hanya, ta iso maƙogaro. A daidai nan idonsa ya sauka a kan yatsan nan marar farce.

Abin da ya taso ba ya komawa gaba ɗaya. Korau ya damƙe haƙora, ya haɗiye "Allah", ya haɗiye "ya tsine", ya haɗiye "maka", idonsa ya yi ja, jijiyar wuyansa ta tashi. Amma wutsiyar ta riga ta wuce harshe. Ta fito ita kaɗai, da ƙarfinta na kullum.

"Albarka."

Kasuwa ta yi tsit. Malam Nomau ya karkata kai, ya ɗauka kunnensa ne ya fara tsufa. Ya ƙara ɗan abu kaɗan a kan tayin, don ya tsokano abin da ya zo nema.

"Albarka," in ji Korau, wannan karon a hankali, idonsa a ƙasa.

Gaskiyar magana, ba shi da wata kalmar. Ba zai ce bai sayar ba, don ba a ce wa suruki a'a. Ba zai ce Baba ɗauki kyauta ba, don hakan na nufin ya gane shi, kuma babu abin da ya fi kunyata dattijo kamar a nuna masa an gano shi a cikin rigar aro. Saboda haka ya riƙe kalmar nan guda kamar wanda ruwa ya ci ya sami reshe.

Shi kuma dattijon wani abu ne ya same shi wanda bai shirya masa ba. Shekara sittin yana shiga kasuwa, abin da ya saba kwasowa daga bakin masu kaya tsinuwa ce. Yau ga wani yana sa masa albarka a kan tayin banza. Abin ya yi masa daɗi har cikin rai. Ya manta da gwajin da ya kawo shi, ya ƙara tayi don kawai ya sake ji. Aka ce masa albarka. Ya ƙara. Aka ce albarka. A karo na shida tayin ya kai kuɗin fartanyar har ya gota, mutane sun yi da'ira suna kallo baki buɗe. Korau ya ga idan bai tsayar da abin ba surukinsa zai sayar da gonarsa a nan, sai ya ce, "Na sallama."

Washegari da hantsi Tasalla ta dawo, ƙanen babanta ya rako ta. Bayan baƙo ya tafi, ta zauna a bakin murhu ta dubi mijinta. Ita ta san shi. Ta tambaye shi abin da ke gaban albarkar nan da ya sa wa babanta. Korau ya gaya mata gaskiya, bai rage komai ba.

Ta gyara itacen murhu. Can ta ce, "Malam, tun jiya Baba yake bin gida gida yana ba da labarinka. Ya ce 'ya'yan cikinsa ma ba su taɓa yi masa abin da ka yi masa ba. Na ga hawaye a idonsa, ni kuwa ko ranar da Inna ta rasu ban gani ba. Idan ya ji gaskiya, ba ni kaɗai za ka rasa ba, shi ma ka kashe shi. Saboda haka mutumin nan da Baba yake tsammanin kai ne, sai ka nemo shi ka zama shi."

Korau ya ji kunyar da bai taɓa ji ba, irin wadda ta fi duka ciwo. Ya tashi ya hura wutar maƙera.

Daga wannan Larabar, duk wanda ya yi masa tayin raini, sai Korau ya haɗiye kan ya saki wutsiyar, don bai san wanda zai kai labari Unguwar Ɗinya ba. Mutane kuma da suka ji albarka sai su kasa tafiya, su tsaya su ƙara. Kafin ruwa na uku ya sauka babu fartanya ko ɗaya a rumfarsa. Wanda ya saya bana ya dawo baɗi, ya zo da ɗan'uwansa. Mai gishiri ya gani ya kwaikwaya, mai daddawa ta kwaikwaya, fatake suka ɗauke ta suka kai wasu kasuwanni. Wanda abin ya cuta shi ne maƙerin nan mai dusasshiyar murya, don yanzu kowa ya daina jin tsinuwa, sai aka koma duba fartanya.

Malam Nomau ya ƙara shekara tara a duniya, bai taɓa sanin gaskiya ba. Korau na cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Larabar da ta biyo baya wani baƙo ya zo rumfarsa ya yi tayin da ya fi na kowa muni. Korau ya ja numfashi kamar kullum, ya shirya haɗiya, sai ya tarar babu abin haɗiyewa. Albarkar ce kawai ta taso, ita kaɗai tun daga ƙirji. Ya faɗe ta, sannan ya juya wa baƙon baya ya yi kukan da bai yi ba a maƙabarta.

Shi ya sa har yau, idan tayi bai kai ba, mai kaya yake cewa albarka, mai saye kuma ya tsaya ya ƙara. In an aike ku kasuwa aka ce muku haka, ku ƙara ko ku yi sallama ku wuce, kada ku tambayi sauran maganar. Amma ku saci kallon maƙogaron mai kayan. In bai motsa ba, kun sami irin Korau na ƙarshe, ku riƙe shi, ku riƙa komawa wurinsa. In ya motsa, ku yi masa uzuri, yana kan hanya ne. Ni da nake ba ku labarin nan shekarata talatin da ɗaya ina sayar da barkono a bakin tasha, kuma har yanzu haɗiya nake yi.