Baƙin Salatif a Kan Fitila

Akwai wani direban haya a unguwar Limawa ta Dutse, Sagiru, mai jigila tsakanin Dutse da Taura. A Taura mahaifinsa yake, wata biyu yana kwance.

Wata Talata motarsa ta fara karkarwa duk lokacin da ya tsaya. Hayaƙin salansa ya yi baƙi, wata fitila ruwan ɗorawa ta kunnu a gaban sitiyari. Ya kai ta garejin Malam Nata'ala.

Dattijon ya jona na'urar gwaji, ya kasa kunne, ya sunsuna hayaƙin.

"Ba fulogi ba ne," in ji shi. "Akwai bawul mai mayar da ɗan hayaƙi cikin inji, EGR. Datti ya cushe shi, ya maƙale a buɗe. In kana gudu ba za ka ji ba. In ka sassauta, injin zai shaƙe. Bar min ita zuwa azahar."

"Baba, shekara sha huɗu ina tuƙi. Ƙara min silo kawai, injin ya ƙara ƙarfi in ina tsaye, lodi na jirana."

"Silo ba ya wanke datti, Sagiru."

"Ku da kwamfutar nan, ko lafiyayye kuka jona sai kun samo masa ciwo."

Ya sa wani a tasha ya ƙara masa silon. Fitilar kuma ya liƙe ta da baƙin salatif, kamar yadda abokansa suke yi.

Bayan kwana goma sha biyu, da hantsi, ƙanwarsa Ikilima ta kira.

"Yaya, Baba ya cika. Ƙarfe biyu za a kai shi."

Yana da awa uku, tafiyar kuma ba ta kai biyu ba. Ya kama hanya shi kaɗai.

Ranar kasuwar Gujungu ce. Da ya shiga cunkoso ya ɗaga ƙafa daga totur, motar ta mutu. Ya tayar, ta yi gaba kaɗan, ta sake mutuwa. A karo na shida batir ya ƙi. Ya bar ta a gefen titi, ya tsaya neman ɗan acaɓa a cikin awaki da buhuna.

Ya isa ƙofar gidansu uku saura. Mutane na dawowa daga maƙabarta, biyu na ɗauke da makara ba kowa a kai. Kawunsa ya riƙe hannunsa.

"Mun jira ka, Sagiru. Rana ta yi zafi."

Ya ce, "To."

Bayan sadakar uku aka jawo motar zuwa Dutse. Malam Nata'ala ya yi masa ta'aziyya. Ya kwance bawul ɗin, ya kankare dattin, ya wanke da fetur, ya mayar. Minti arba'in.

Sagiru ya ɓare salatif ɗin. Fitilar a kashe take.

Darasi: Rufe gargaɗi ba ya gyara abin da ya lalace. In wanda ya san aiki ya ce ka jira, ka jira, don ba kai kake zaɓar ranar da za ka buƙaci motarka ba. Ku tura wa duk direban da kuka sani.