Sarki Jatau da Shunin da Ba Ya Wankuwa

An ruwaito a cikin littattafan mutanen da, irin waɗanda gara ta cinye gefensu ta bar mana tsakiya, cewa an yi wani sarki a Birnin Sansami mai suna Jatau ɗan Magaji. Fari ne, dogo, adali, ga kaifin basira. Halinsa guda ɗaya ne ke ba fadawa tsoro: in ya ga abu ya yi amfani sau ɗaya, to ya gama yarda da shi ke nan har abada.

An ce mutanen wannan birni suna da al'adu biyu da suke riƙe da su kamar addini. Ta farko, sarki ba ya ci ba ya sha a gaban kowa, kuma ba a zancen cinsa ko shansa. Wanda bakinsa ya suɓuce ya ce sarki ya sha ruwa, to ya sayi mutuwarsa. Ta biyu kuwa, manyan gari baƙin rawani suke naɗawa, mai ƙyalli, wanda shuninsa ke zuba a goshi da kumatu. Gwargwadon shunin da ke fuskarka, gwargwadon girmanka a idon jama'a.

Mai kawo wa sarki rawuna wani tajiri ne, Haladu Mairawuna, wanda ya sha yawon duniya da ayari tun yana saurayi.

Ana nan, sai fuskar sarki ta fara yin shuɗi-shuɗi fiye da yadda aka saba. Ba wanda ya damu. Maroƙa ma waƙa suka yi, suna cewa ko fatar sarki ta san tsadar rawaninsa. Sai da aka shiga watan zafi, sarki ya ajiye baƙin rawani ya naɗa fari, sannan aka ga shunin bai tafi ba. Aka kawo sabulu, aka kawo toka, aka kawo lemon tsami, kamar ana wanke dutse. Sarki ya duba faratansa, ya ga sun yi ruwan toka. Ya buɗe baki a gaban madubi, ya ga dasashinsa ma haka.

Fada ta rikice. Wani malami ya ce sammu ne, wani boka ya ce aljanin marina ne ya yi sha'awar sarki, wani dattijo ya ce alamar tsawon rai ce, ko da yake da aka tambaye shi inda ya taɓa gani sai tari ya kama shi. Daga ƙarshe baki ya zo ɗaya a kan abin da ya fi sauƙi: shuni daga rawani yake, rawani kuwa daga Haladu.

Aka kawo shi gaban sarki, ya faɗi ya yi gaisuwa. Sarki ya ce masa, "Ba na kashe mutum ban ji ta bakinsa ba. Ga tambayata: wane shuni ne ruwa ba ya wanke shi, kuma ta wace ƙofa ya shigo? In ka faɗa kafin a fita masallacin Juma'a, ka tsira. In ba haka ba, hauni zai raba ka da abin da ake naɗa wa rawani."

An ce wazirin sarki, Isiyaku, bai gamsu da wannan zargi ba. Ya ɗauki ɗaya daga cikin rawunan sarki ya naɗa, ya yini da shi a rana, ya wanke fuska da ruwa zalla, shuni ya fita tas. Ranar Alhamis da hantsi ya je kurkuku ya zauna kusa da Haladu, ya gaya masa gwajin da ya yi, ya ce shi kam kansa ya ɗaure. Haladu ya ce nasa ya fi ɗaurewa, don shi ne za a cire.

Can Waziri, don dai ya sauya zance, ya fara ƙorafi. Ya ce komai na gidan sarki ya birkice a bana, har moɗar azurfa da ke ɗakin sarki ramewa take yi. Shamaki ya taɓa kawo masa ita, bakinta duk ya zaizaye kamar ɓera ya gwaigwaye, yana neman izinin kai wa maƙeri, amma sarki ya ji labari ya sa aka mayar masa da ita nan take.

Haladu ya gyara zama. Ya tambaya ko an taɓa yi wa sarki magani da azurfa. Waziri ya ce ƙwarai, shekarun baya doki ya kayar da shi, ƙafarsa ta yi gyambo har tana wari, sai wani mai magani da ya zo cikin ayarin alhazai ya wanke ciwon, ya shimfiɗa masa ganyen azurfa siriri kamar fatar albasa, ya ɗaure, ya yi ta canzawa har ƙafa ta warke. Tun daga ranar sarki ba ya son a faɗi aibin azurfa.

Haladu ya yi 'yar gajeriyar dariya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ina jin na gano amsar, amma ba ta da amfani a gare ni. Ta ƙofar da aka hana ambato shunin ya shiga. In na yi shiru, hauni. In na faɗa, hauni."

Waziri ya daɗe yana shafa gemu. Da ya tashi tafiya ya ce, "Al'ada zancen shan sarki ta hana. Ban taɓa jin ta hana zancen shan wani ba."

Ranar Juma'a da safe fada ta cika. Haladu ya roƙi arziki a bar shi ya ba da labarin wasu mutane da ya sani a wata ƙasa mai nisa, sarki ya ba shi izini.

Ya ce akwai wata tsohuwa da ta rasu ta bar 'ya'ya uku da munduwar azurfa guda ɗaya. Suka kai wa maƙeri ya raba musu ita uku. Babbansu falke ne. Ya jefa rabonsa cikin salkar ruwansa, ya bi ayari ya ratsa hamada. Daga rijiya mai kyau yake ɗiba, ya tace da ƙyalle, kamar kowa. Amma ruwan abokan tafiyarsa yakan riga nasa yin wari da yauƙi. Ya dawo gida yana cewa azurfa mai tsaron ruwa ce.

Na tsakiya, matarsa ta ƙone a hannu da tafasasshen mai. Ya sa aka buga masa rabonsa ya zama ganye, ana wanke ƙunar ana rufe ta da shi, ƙuna ta warke ba ta ruɓe ba. Ya ce azurfa mai tsaron rauni ce.

A nan sarki ya gyaɗa kai da murna, ya dubi fadawa, su ma suka gyaɗa, ko da yake ba su san abin da suke gyaɗa wa ba.

Haladu ya ci gaba. Ya ce autansu ya fi su duka wayo, kuma yana da ciwon ciki da yake jin kunyar faɗa wa kowa. Ya zauna ya yi lissafi: abin da ya tsare ruwa a salka, ya tsare nama a hannu, ai in ya shiga ciki sai abin da Allah ya yi. Ya samo magagari, kullum safiya ya goga azurfa a ruwa ya shanye, ba wanda ya sani. Rabonsa ya ƙare, ya sayo wata. Ciwon ciki yana nan inda yake. Amma sannu a hankali faratansa suka yi ruwan toka, dasashinsa ya bi, fuskarsa ta yi shuɗi, alhali mutumin nan bai taɓa naɗa rawani ba tun da aka haife shi.

Fadawa suka dubi juna. Wani ya raɗa wa na kusa da shi cewa tsoron mutuwa ya taɓa ƙwaƙwalwar tajirin nan, an tambaye shi shuni yana zancen gado. Sarki kuwa sai ya ɗaga hannu, kowa ya fita, saura Waziri da Haladu.

Sarki ya yi gyaran murya ya ce shi ma ya san labarin wani mutum. Wannan mutum ya gani da idonsa yadda azurfa ta ceci ƙafarsa, ba labari aka ba shi ba. Mai maganin ya gaya masa akwai wasu halittu ƙanana da ido ba ya gani, su ke ruɓar da rauni, kuma ba sa jure zama kusa da azurfa. To daga baya cikinsa ya dame shi. Sarki ya ɗan tsaya, sannan ya ce, "Ku gaya mini, ina kuskuren mutumin nan? Halittun da ke ƙafa ba su ne a ciki ba? Azurfar da ke waje ba ita ce a moɗa ba? Yanzu ita magani ce ko dafi?"

Haladu ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni falke ne, ban san sirrin ciki ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Abin da na gani shi ne, biyun farko sun ajiye ta inda za su iya ɗauke ta. Auta ya kai ta inda ta san hanyar shiga, ba ta san hanyar fita ba."

Waziri ya ƙara da cewa dogari a bakin ƙofa yake da amfani. In ka ji daɗin aikinsa ka shigar da shi ɗaka ka kulle, ɓarawo bai fasa zuwa ba, kai kuma ka samu baƙon da ba ya tafiya. Ban da haka ma, wa ya tabbatar wa mutumin nan cewa ɓarawon da ya shiga cikinsa shi ne wanda ya taɓa shiga ƙafarsa? Bai tambayi kowa ba.

Sarki ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa, yadda auta ya ƙare. Haladu ya ce ciwon cikin ya warke, ranar da ya ajiye kunya ya je wurin masanin ciki, aka gano tsutsa ce aka ba shi maganinta.

"Shunin fa?"

Haladu ya sunkuyar da kai. Ya san amsa mai daɗi za ta fi saurin kai shi gida. Ya ce, "Ya tsufa, ya ga jikoki, Allah ya ba ka nasara. Da shuninsa aka yi masa sutura."

Sannan sarki ya zura hannu cikin aljihun rigarsa, ya fito da ɗan magagari wanda haƙoransa suka cika da farin gari, ya ajiye a gaban Waziri. Bai ce nasa ne ba, su ma ba su tambaya ba. Ya ce a nemo masanin ciki, akwai wani mutum da ke son ganinsa.

Da aka buɗe ƙofa, sarki ya shaida wa jama'a cewa Haladu ya amsa tambaya, ba shi da laifi, ya kuma naɗa shi shugaban fataken birnin. Ya sa a riƙa ba da labarin 'ya'yan tsohuwa uku a kasuwa da bakin rijiya. Fadawa suka yi ta jinjina, suka fita suna tambayar juna wai mece ce amsar.

Kafin Haladu ya tafi, sarki ya kira shi gefe ya ce ya kawo masa rawuna, mafiya baƙi, mafiya zubar da shuni da za a samu a duniya, kuma kada ya taɓa bari su yanke. Rawanin da ya kusa cin kan Haladu, shi ya rufa wa sarki asiri har ƙarshen ransa.

Masu ruwaya suka ce darasin a fili yake, kuma bai tsufa ba. Halittun nan da ido ba ya gani, su muke kira ƙwayoyin cuta a yau, kuma har yanzu masana suna sa azurfa a wasu magungunan ƙuna da abin ɗaure rauni, bisa awo. Amma in wani ya miƙo maka kwalba ya ce ruwan azurfa ne, ka sha, yana maganin komai, to ka tuna da Sarki Jatau. Abin da ya yi maka rana a bakin ƙofa ba lallai ne ya yi maka a ɗaka ba, kuma tambaya ta fi rawani araha. Iyakar abin da gara ta bar mana ke nan, sauran sani yana wurin Allah.