Injin Niƙan da Aka Kafa a Gidan Hansai

Ni ce Shafa'atu mai masara ta kasuwar Dandume. Tun da maigidana ya rasu, da awo nake riƙe gidana, kuma kowa ya san ni, ko allura ce sai na taya. Wannan hali ne ya kai ni ya baro.

Da zaɓen kansila ya matso, Jibril, ɗan unguwarmu, ya zo a kan tsohon babur ya durƙusa ya gaishe ni, don ni ce shugabar mata.

"Hajiya, ku ne iyayena, ku tsaya mini."

"To, me ka zo da shi?"

"Sai alkawari, Hajiya."

"Alkawari ba ya shiga tukunya, ɗan nan. Amma je ka, na ji."

Bayan kwana biyu abokin takararsa ya aiko da atamfa da taliya da sabulu. Na karɓa. Na bi gida-gida ina cewa a dangwala wa mai atamfa. Hansai mai ƙosai ce kaɗai ta tare ni.

"Yaya Shafa, yaron da ya ɗauki mijinki zuwa asibitin Malumfashi za ki yi wa haka?"

Na ce ta kula da kaskonta. Ashe duk gidan da na fita sai ta shiga, tana nema wa Jibril ƙuri'a. Jibril ya ci zaɓe.

Ranar godiya aka kafa rumfa, unguwa ta cika. Jibril ya karɓi lasifika ya ce, "Ina uwata Hajiya Shafa'atu? Ita ta riƙe mini mata." Ya ce injin niƙan da ya saya wa matan unguwa a gidana za a kafa shi.

Mata suka sunkuyar da kai, tsit. Can sai Hansai ta rangaɗa guɗa don ta rufa mini asiri. Guɗar nan ta fi mari zafi.

Na miƙe, na nuna Hansai. "Ɗan nan, ba ni ba ce. Ni sayar da kai na yi. Ga wadda ta tsaya maka."

Jibril ya ce, "Allah ya yafe mana, Hajiya."

A ranar na ajiye shugabanci. Yanzu a gidan Hansai nake bin layin niƙa, kaina a ƙasa.

'Yan uwana mata, ba komai ake tayawa ba. Amana ba hatsi ba ce. Wanda ya sayar da ita, ko godiya aka yi masa sai ta ƙona shi.