Ranar da Iya Batulu Ta Ƙi Tsallake Yaro

Da sunan Allah wanda ba ya gyangyaɗi kuma ba ya mantuwa, tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ni Salmanu, malamin Turanci a wata sakandare ta jeka-ka-dawo a nan Lafia, kuma mafi ƙanƙanta cikin masu zama gaban Shehinmu, zan faɗi abin da idona ya gani na karamarsa. Shi dai Shehinmu, Allah ya ƙara masa yarda, kogi ne a fiƙihu da tafsiri da luga, zahidi ne wanda duniya ba ta samu masauki a zuciyarsa ba, mai yawan azumi, mai ƙarancin magana, wanda tsohuwar tabarmarsa ta fi kujerun manya kwarjini. Na san akwai masu taɓe baki in an ambaci karama. Su taɓe har bakin ya gaji, domin ba ni kaɗai na gani ba.

Ɗalibaina matasa ne, maza da mata, kowa da yaren gidansu, kuma in kana so su yi barci a zaune to ka fara musu nahawun Turanci. Da na gaji da kallon hamma, sai na kawo musu wani gajeren labari a kan wata tsohuwa da gigin tsufa ya kama, tana kiran mijinta da ya daɗe da rasuwa, tana sa takalmi a tukunya. Mukan karanta sashe guda, sannan mu tsamo jimlolinsa mu yi ta juya su, daga abin da ke faruwa zuwa abin da ya wuce. Tun a shafin farko wani ya ɗaga murya daga baya ya ce, “Sa, ai wannan mayya ne!” Aji ya kwashe da dariya, ban da wata yarinya mai suna Rekiya da ta kifa kanta a kan benci. Bayan an tashi ta gaya min cewa kakarta, Iya Batulu, haka take a Bukan Sidi: ta manta sunayen 'ya'yanta, tana shiga gidajen mutane tana kiran matattu, har maƙwabta sun fara ɓoye yaransu in ta fito.

Washegari na gaya wa ajin ƙarara cewa wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa da likitoci suka sani, ba maita ba. Magana ta isa gidaje, wasu iyaye suka zo wurin shugaban makaranta wai ina koya wa yara kare mayu, shi kuma ya ce in ajiye labarin in koma nahawu tsurarsa. Ni kuwa Allah ya yi ni da zuciya a kusa. Na tafi wurin Shehinmu ina huci, na zazzage masa komai, ya saurara har na ƙare, sannan ya yi murmushi ya ce, “Ci gaba da karatunka, Salmanu. Wanda ya manta da kansa, Ubangijinsa bai manta da shi ba.” Na koma aji da labarina a hannu, na ce wanda zai kore ni ya zo ya same ni ina kan karanta shi.

Ana nan, wata Alhamis dab da tashi, sai ga Rekiya ta faɗo ajin ba ko takalmi. Ta ce Ameer, ƙaramin ɗan maƙwabcinsu Muntaka, ya kwanta da zazzaɓi har yana sanƙarewa, kuma jiya an ga Iya ta shafa kansa a ƙofar gida. Unguwa ta yanke cewa ta kama kurwarsa, za a sa ta tsallake shi. Kowa ya san yadda abin yake: wanda aka zarga da maita akan tilasta masa ya tsallake majinyaci don ya saki kurwar. In tsohuwar ta tsallaka, ta amsa laifi ke nan, zaman unguwa ya ƙare mata ita da zuriyarta. In ta ƙi, ga sanduna.

Ban ce kowa ya biyo ni ba, amma da na waiwaya a kan titi sai na ga ajin nan kaf a bayana. Mun tarar an shimfiɗe yaron a tabarma a ƙofar gida, maza sun yi da'ira, wasu da sanda wasu da dutse, Iya kuwa tana zaune tana tsintar zare a gefen zanenta, tana tambayar waɗanda suka zo dukanta ko sun ci abinci. Ɗaliban suka jeru tsakaninta da mutane cikin kayan makaranta. Doofan, wata 'yar Tibi da ta fi kowa ƙanƙanta a ajin, ta dubi Muntaka ta ce, “Baba, wannan mama ba maye ba ne fa, ciwo ne yana damun shi, mun karanta a kilas. In za ka buga shi, fara da mu.”

Muntaka ya juyo gare ni, idonsa jajur, ya ce, “Malam, kwashe yaranka. Turanci ba ya maganin maita.”

Na ce ba inda za mu. Bakina ne ya faɗa, amma wallahi hankalina na kan yaran mutane da ke tsaye gaban duwatsu saboda ni.

A daidai wannan lokaci mota ta tsaya, Shehinmu ya fito. Tun da safe ya kama hanyar Agyaragu zuwa ta'aziyya, ba ya riƙe waya, kuma ba wanda ya aika masa. Direbansa ya rantse mana daga baya cewa suna tsakiyar hanya ya ce masa, “Juya. Akwai uwa a Bukan Sidi da 'ya'yanta suka ɓace mata.” Mutane suka dare da kansu. Shi da manya ke durƙusa wa, sai ga shi ya durƙusa gaban tsohuwar nan da bai taɓa gani ba, ya karɓi ruwa a kofi, ya yi tofi a hankali, ya miƙa wa Rekiya ta ba ta. Da ta sha, ya ce, “Sannu da aiki, ungozoma.”

Allahu Akbar! Tsohuwar ta ɗago kai, idanun nan da suka daɗe suna yawo suka tsaya cak. Ta kira Rekiya da sunanta, abin da ta shekara ba ta yi ba. Sannan ta bi mazan nan ɗaya bayan ɗaya, tana kiran kowa da sunansa da na uwarsa, tana faɗin ɗakin da ta yanke masa cibiya, kuma duk wanda ta kira sai ka ji abin hannunsa ya faɗi ƙasa. Da ta zo kan Muntaka ta ce, “Kai kuma ta ƙafa ka zo, ka ƙi kuka, sai da na watsa maka ruwan randa. Mabiyiyarka tana gindin mangwaron bayan gidanku. Me kake yi da sanda?”

Muntaka ya zube yana kuka, domin uba ne da ɗansa ke kwance, ya ce, “To Iya, don Allah ki tsallake shi kawai, ko na samu ya tashi.”

Ta ce, “Ni ban taɓa tsallake ɗa ba. Ɗauka nake yi. Miƙo min shi.”

Ya ɗauko yaron da hannunsa ya ɗora mata a cinya, ta rungume shi tana addu'a, Shehinmu yana cewa amin. Sannan ya miƙe ya ce, “Ta yi nata. Ku kai shi asibiti yanzu, neman magani ma umarni ne.” A motar Shehu aka kai shi, likita ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, kuma yaron ya warke.

Kafin kiran magariba labulen gigin tsufan ya sake sauka, Iya ta dubi Rekiya ta ce, “Ke 'yar gidan wa ce?” Abin ya sosa min rai ƙwarai, har na tambayi Shehinmu me ya sa buɗin bai ɗore ba. Ya ce, “Ba don ita aka buɗe ba, don ku ne. Ita ba ta da abin tuba.”

Har yau ina karantar da labarin nan, muna juya jimlolinsa, kuma ban sake jin mai ƙorafi ba. Mai musun karama ya je Bukan Sidi da hantsi, zai tarar da Muntaka durƙushe da kwanon koko, Iya tana tambayarsa ko shi wane ne, shi kuma yana cewa, “Ni ne wanda ya zo ta ƙafa, Iya.”

Allah ya ƙara wa Shehinmu kusanci da ɗaukaka, ya tsawaita kwanansa cikin ɗa'a, ya yayyafa mana albarkarsa mu da ɗalibanmu. Ya Ubangiji, in ka kai mu shekarun da za mu manta sunayenmu, ka bar mana wanda zai tsaya a ƙofarmu, don alfarmar bayinka salihai. Amin.