Kujerun Haliru da Suka Tafi Ta'aziyya

Akwai wani bawan Allah a Tudun Wada ta Gusau, sunansa Haliru, mai ba da hayar kujerun roba da rumfuna. Masu bibiyar wannan shafi, ku karanta a tsanake, domin ina kyautata zaton wasunku a kan kujerarsa kuke zaune yanzu haka.

Haliru mutumin Wonaka ne. Ya bar wa yayansa Garba gonar gado, ya haɗa ɗan abin da ya tara da kuɗin awakin matarsa Wasila, ya sayi kujeru ɗari biyu farare tas da rumfa biyu. A bayan kowace kujera ya sa aka rubuta sunansa da jan fenti. Ranar da ya buɗe shago a farkon shekara, ya yi wa Wasila alkawari: kafin shekara ta ƙare zai ƙara rumfa, ya sayi kurkurar ɗaukar kaya, ya huta da biyan masu mota.

Mutum ne mai gaskiya da ƙoƙari. Ciwonsa ɗaya ne, ba ya iya jin "don Allah" ya ce a'a.

Da farko kujerun zaman makoki kawai yake bayarwa kyauta, kuma wannan babu mai zarginsa a kai. Amma da mutane suka gano inda ƙofar take, sai kowane taro ya koma na Allah. Mai suna ya ce addu'a ce. Mai biki ya ce walima ce. Har wani mai neman kansila ya kwashi kujeru ya ce za a yi wa ƙasa addu'a, aka wuni ana kiɗa.

Kuma kujerar da ta shiga gidan makoki, Haliru ba ya iya zuwa karɓo ta. In an yi sadakar uku sai ya ce a bari a yi bakwai. In an yi bakwai sai masu gida su ce ai arba'in ta kusa.

Bayan babbar Sallah, damina ta sauka, Wasila ta biyo shi shago da rana. Ta tarar da shi zaune a kan jarka.

"Malam, Yuni muke fa. Shekara ta raba tsakiya. Ina kurkurarmu?"

"Tana tafe, in sha Allahu."

"To ina kujerun?"

"Suna wurin jama'a."

Ta dubi shagon. Abin da ya rage bai kai rabin rabi ba, kuma a cikinsu akwai masu ƙafa uku.

"Awakina dai ban taɓa jin sun tafi gaisuwa sun ƙi dawowa ba," in ji ta.

Suna cikin haka sai ga Hajiya Zuwaira, mai wata makarantar kuɗi a unguwar. Ta yi sallama tana waige-waigen inda za ta zauna. Haliru ya jingina mai ƙafa uku da bango ya ce ta zauna a hankali. Ta ce ta gode, za ta tsaya.

"Bikin yaye ɗalibai za mu yi. Kujera ɗari da hamsin nake so da rumfa biyu, kuma kuɗi hannu. In mun daidaita, duk taron makarantata kai za ka riƙa kawowa. Amma abin da nake gani a nan bai kwantar min da hankali ba. Asabar da safe zan dawo in gan su da idona. In ba su cika ba, zan nemi wani."

Da ta tafi, Wasila ta faɗa masa magana ba tare da ɗaga murya ba. In wannan aikin ya kuɓuce, a rufe shago a koma Wonaka, ya shiga gona ƙarƙashin Yaya Garba. Shi kuwa Garba tun ranar farko ya ce kujera ba sana'a ba ce, kuma ba mutum ne mai mantawa da maganar da ya faɗa ba.

Haliru ya fara bin sawun kujerunsa daga cikin gari. Ya sami wasu a wurin mai shayi, wasu a shagon aski. Ya sami jeri guda a gidan kallon ƙwallo, inda ake karɓar kuɗin zama a hannun samari a kan kujerunsa, shi kuwa ko sannu ba a taɓa aiko masa ba. Ya lissafa, ya ga in ya haɗa da na Tsafe da na Bungudu, da kyar za su cika.

Ya ɗauki hayar a-kori-kura, shi da direba suka kama hanyar Tsafe da hantsi don su dawo da sauran rana.

Na Tsafe suna wurin Alhaji Idris, dillalin hatsi, wanda ya karɓi kujeru arba'in tun kafin azumi lokacin rasuwar ƙanin mahaifinsa. Haliru ya tarar da majalisa ta cika a gindin dogon yaro, kowa a kan farar kujera. Alhaji kuwa, saboda Allah ya ba shi jiki, biyu ya haɗa ya zauna.

"A'a, Haliru mai kujeru. Ku ba baƙo wuri."

Aka miƙo masa kujerarsa, sunansa a bayanta. Ya yi godiya ya zauna.

"Alhaji, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, wallahi. Ka ko zo a kan gaɓa. Ruwan ga na korar mu kullum. Ka aiko muna da rumfa guda, don Allah."

Bakin Haliru har ya buɗe zai ce to, sai wayarsa ta yi ƙara. Wasila ce.

"Ka ɗora?"

"Muna gaisawa tukuna."

"Madalla. In kun gama ka tambaye su ko suna da fartanyar aro. Za ka buƙace ta."

Ta kashe. Haliru ya miƙe tsaye.

"Alhaji, kujeruna na zo ɗauka."

Alhaji ya gyara zama.

"Kujerun ta'aziyya? Haba Haliru. Har yau mutane na zuwa gaisuwa. Shekaranjiya ma wani ya zo daga 'Yankuzo."

"Alhaji, marigayi ya kwanta tun kafin azumi. Mun yi ƙaramar Sallah, mun yi babba. Shi dai na tabbata ba ya buƙatar wurin zama."

Wani dattijo ya tuntsure da dariya har goro ya sarƙe shi.

"Yanzu ladar da kake samu kullum za ka kwashe ka zuba a mota?" in ji Alhaji.

"Ta ishe ni haka, Alhaji. A bar wa wasu su ma su samu."

Ɗaya bayan ɗaya suka miƙe, kowa na kaɗe riga kamar shi aka cuta. Biyun da ke ƙarƙashin Alhaji sun manne da juna, sai da mutum biyu suka ja kafin suka rabu.

A hanyar dawowa kan Haliru ya kumbura. Ya dubi direba ya ce, "Daga yau an gama. Ko limamin Juma'a ne sai ya biya. Ko gawa ce, kuɗi hannu."

Direba ya ce, "Allah ya sa." Haka wanda aka daɗe ana cuta yake. Ranar da ya farka, sai ya so ya huce a kan kowa, har da wanda bai taɓa yi masa komai ba.

Washegari suka nufi Bungudu, gidan wata tsohuwa, Inna Asabe, wadda ya ba kujeru ashirin lokacin da mijinta ya rasu. Tun daga Gusau yake shirya maganar da zai faɗa mata, yana gyara ta, yana ƙara mata gishiri. Ya yi sallama fuska a murtuke.

"Ɗan nan, kai ne mai kujeru? Alhamdulillahi. Shigo ka raba ni da amanar ga."

Ta kai shi ɗakinta. Kujerun na nan an wanke su, an jera, an ɗaure da igiya, an lulluɓe da tsohon zane. Sun cinye rabin ɗakin, har ta mayar da shimfiɗarta bakin ƙofa.

"Na yi ta roƙon direbobi su kai maka, kowa ya ce kuɗin kaya daban, ni ko ba ni da su. Amma ban bar kowa ya zauna ba. Limamin unguwa ma da ya zo, tabarma na ba shi."

Haliru ya watsar da duk maganar da ya shirya. Abin da ya fito kawai shi ne, "Inna, ya ƙarin haƙuri?"

Suna cikin ɗora kaya ya lura da maƙwabta. Mutane na dawowa daga maƙabarta suna taruwa a ƙofar wani gida. Ƙasa a jiƙe take da ruwan jiya, dattawa sun tsugunna a kan takalmansu.

"Matar Malam Mas'udu ce, mai faci," in ji Inna. "Da asuba ta cika. Ba zai roƙe ka ba. Ba shi da bakin roƙo."

Haliru ya dubi kujerun da ke mota, ya dubi dattawan. Laraba ce. In ya bar ashirin ɗin nan, lissafin Asabar bai cika ba.

Direba ya leƙo ta taga. "Ko gawa ce, ka ce."

"Ka ji na rantse?"

"Ban ji ba."

"To sauke."

Amma a wannan karon ya yi abin da bai taɓa yi ba. Bayan ya yi ta'aziyya, ya ja ƙanin mai gidan gefe, a gaban Inna, ya ce, "Kyauta ne har ku yi sadakar uku ranar Juma'a. Amma Asabar da safe ina buƙatar su a Gusau. In ba su iso ba, shagona ya rufe, ba wasa nake ba."

Inna ta ce, "Bar mani wannan."

Da ya faɗa wa Wasila, sai ta ce, "Wannan kam da ka ɗauko su, da ni na ji kunya. Amma in Hajiya ta juya, kai za ka faɗa wa Yaya Garba da bakinka."

Asabar da safe Hajiya Zuwaira ta zo. Ta bi jerin kujeru tana ƙwanƙwasa kowace da makullin mota, ta ware masu tsagewa gefe. Ta gama ta dube shi.

"Ba su cika ba, Malam Haliru."

"Suna hanya, Hajiya."

"Kowa haka yake cewa."

Har ta buɗe ƙofar motarta, sai ga wata bas ta shigo layin tana rangaji, kujeru a ɗaure a samanta kamar an ɗauko rumbu. A gidan gaba Inna Asabe ce da sandarta. Dangin Malam Mas'udu ne suka haɗa kuɗin mota.

Aka sauke, sai aka ga sun fi ashirin nesa ba kusa ba.

"Inna, waɗannan fa?"

"Ban yi boko ba, amma na san jan fentinka. Da na fita jiya na yi ta ganin shi, wurin mai wanki, wurin mai cajin waya, har zauren wani da ba zan faɗi sunansa ba don yana da gemu. Duk wanda na samu a kai na ce ya tashi. Wanda ya tsaya gardama na nuna mashi sanda."

Hajiya ta rufe ƙofar motar, ta dawo ta sake ƙwanƙwasawa. Sun cika har da ragi. Ta biya a tsaye, ta ce a sa mata rana a watan Disamba ma.

A makon nan Haliru da Wasila suka zauna suka sake tsara sauran shekara. Kurkura ta koma baɗi, a bana rumfa ɗaya za a ƙara. Ya ware kujeru ashirin ya shafa wa ƙafafunsu koren fenti. Waɗannan na makoki ne, kyauta, ga mai kuɗi da talaka, kuma washegarin sadakar uku shi da kansa yake zuwa ya kwashe. Farare kuwa sai an biya kafin su hau mota.

Ba a daɗe ba wani maƙwabcinsa, Anas, ya zo da sanyin murya, kai a sunkuye, ya ce koraye yake so, don Allah.

"Innalillahi. Wa ya rasu?"

"To, ba dai rasuwa ba ce kai tsaye. Suna ne. Amma sunan marigayi kakansa za a sa wa yaron."

"Allah ya jiƙan kaka, Allah ya raya jika," in ji Haliru. "Kaka shi ke da koraye. Jika farare zai hau. Guda nawa za a ɗora?"

Har yau akwai kujerun Haliru da ba su koma gida ba. Na yi shekaru ina koyarwa, ban taɓa barin yaro ya tafi gida da allin makaranta ba, don haka ba zan kira wannan mantuwa ba. Abin da aka karɓa da sallama aka ƙi mayarwa, ƙwace ne. Kowa ya juya kujerar da ke ƙofar gidansa ya duba bayanta. In ya ga jan fenti, ya san hanyar Tudun Wada, kuma ya tafi da haƙuri a bakinsa.

Darasi: Taimako yana buƙatar iyaka in ana so ya ɗore. Mai sana'a ya ware abin da zai bayar don Allah, ya faɗi ranar da za a dawo da shi, ya karɓi haƙƙinsa a kan sauran ba tare da jin kunya ba, kuma kada ya jira ƙarshen shekara kafin ya duba inda ya kwana. Wanda aka taimaka kuwa, ya mayar da amana a kan lokaci. Ku tura wannan ga 'yan uwa masu sana'a, ku kuma tura wa wanda kuka san yana riƙe da kayan mutane.