Burgu da Katin Giwa

An yi wani Burgu mai tara katunan 'yan kokawar daji. Raminsa cike yake da su, kowanne a cikin ledarsa. Kati ɗaya tak ya rage masa ya cika jerinsa, katin Giwa mai bakin zinariya. Ya nema har ya rame.

Masu tara katin suna da zaure a waya, inda suke nuna abin da suka samu, su yi musaya. Al'adar zauren ita ce, in baƙo ya sa hoton kati, wanda ya sani ya faɗa masa gaskiyarsa a gaban kowa. Burgu ya fi kowa sani, ya kuma fi kowa baƙin baki.

Wata rana Bushiya ta shigo zauren. Ita duk abin da babba ya faɗa, ta hau kai ta zauna. Ta sa hoton wani kati, ta rubuta, "Salamu alaikum, manya. Na tsinci wannan a kayan kakata. Yana da amfani?"

Burgu ya duba, ya sake dubawa. Katin Giwa ne. Ya ce a ransa, in zaure ya gane, kowa zai yi rububi.

Sai ya rubuta, "Ke yarinya, nan zauren masu kati ne, ba juji ba. Wannan ko ƙosai ba a naɗewa da shi."

"Ayya, Baba Burgu, ban sani ba."

"Da ma ina za ki sani? Shara ce. Cire mana hoton, yana ɓata mana ido."

'Yan zaure suka yi ta turo dariya. Hawainiya kaɗai ba ta yi ba. Ita ma ta gane katin, ta fara rubuta amsa, amma kun san hannun Hawainiya.

Da surutu ya lafa, Burgu ya lallaɓa ya aika wa Bushiya saƙo ita kaɗai. "'Yata, kar ki ji haushi, wasa nake. Kawo katin nan in adana miki, in ba ki sababbi biyu masu ƙyalli."

Bushiya ba ta iya waya sosai ba. Ta ɗauko saƙon nasa ta manna a zaure, ta amsa a ƙarƙashinsa.

"Allah ya saka da alheri, Baba Burgu. Amma da ka ce shara ce, na miƙa wa Akuya. Ta ce ya ɗan yi garɗi."

Burgu ya rubuta a zaure, "Akuya? Wace Akuya? Ki ce ta tofo shi!"

"Ai har ta kora da ruwa, Baba."

A daidai nan amsar Hawainiya ta iso. "Bushiya, katin Giwa ne. Babu irinsa a dajin nan. Ki riƙe shi da kyau."

Can Hawainiya ta ƙara, "Malam Burgu, ashe kana sayen shara? Akwai buhu guda a bayan gidana."

Burgu ya fice daga zauren. Har yau in Akuya ta wuce tana tuƙa, sai ya tsaya yana kallon bakinta.

Darasin wannan labari shi ne, in baƙo ya yi tambaya a zaurenku, ku faɗa masa gaskiya, ku bar yi masa dariya. Wanda ya kira zinariyar wani shara, a bakin akuya zai same ta.