Allon Gaban Coci

A wani ƙaramin gari cikin duwatsun jihar Kentucky ta Amurka an yi wani dattijon ikkilisiya mai suna Vernon Tackett. Mutumin kirki ne, ba ya fashin sujada, kuma duk wanda motarsa ta mutu a hanya shi yake kira. Aibinsa guda ne: a kowace gardama sai maganarsa ta zama ta ƙarshe.

Shi ke kula da allon gaban cocinsu, wanda ake jera wa haruffa don masu wucewa. Duk Asabar sai ya kafa wata magana mai yaji. Ran Lahadi a dafa kafaɗarsa ana cewa, "Ɗan'uwa Vernon, wannan makon ka kashe mu da dariya!" Shi kuwa kansa ya ƙara kumbura.

'Yarsa tilo, Lorna, tana karatun duwatsu a jami'a. Da ta zo hutu, fasto ya roƙe ta ta yi waƙa a sujadar Lahadi kamar yadda ta saba tun tana ƙarama, ta amsa da murna. Ran Juma'a suna cin soyayyar kaza da burodin masara, sai ta ajiye wani dutse a kan tebur, mai shatin katantanwa a jikinsa.

"A rafin bayan gidanmu na tsinto shi, Baba. Ya yi shekara miliyoyi."

"Miliyoyi? Littafin Farawa ya ce kwana shida. Kina wurin ne aka yi?"

"Ba na wurin, kai ma ba ka nan," ta ce tana dariya. "Ni fa ban daina gaskata Allah ne ya yi shi ba. Yadda ya yi ne nake tambaya."

"Yau dutse, gobe ki ce kakanki biri ne!"

"Haba Baba, ni na faɗa?"

Matarsa, mai suna Wanda, ta ce, "Vernon, ci abincinka. Yarinya tambaya ta yi, ba ridda ba."

Ya ci gaba da cin abincinsa, amma dariyar nan ta Lorna ta tsaya masa a rai. Washegari ya ɗauki akwatin haruffa ya nufi coci. Ya jera: IN KAKANKI BIRI NE, NAN BA GIDANKI BA NE. Ya ja da baya ya duba, abin ya yi masa daɗi. Garin kuwa ba wanda bai san 'yar wa ke jami'a ba.

Ran Lahadi Lorna ta ce su yi gaba, za ta biyo su a motarta. Vernon yana zaune kusa da taga ya hango motar ta rage gudu, ta tsaya daidai allon. Ya zaci za ta shigo da fushi, a yi ta ta ƙare bayan sujada. Motar ta daɗe a tsaye, sannan ta wuce. Da lokacin waƙa ya yi, fasto ya kira sunanta, ba wanda ya tashi.

Da yamma Vernon ya sauke haruffan, amma girman kai ya hana shi kiranta. Ya ce ita ce ƙarama, ita za ta nemo shi. Haka shekaru suka shuɗe. Takan kira mahaifiyarta, uwar kuma ta gaya masa 'yarsu tana addu'a har yanzu, sai dai ba ta ƙara taka ƙofar wani coci ba.

Da mahaifiyarta ta rasu, Lorna ta zo ranar jana'iza. Ta tsaya a waje jikin allon, sanye da baƙaƙen kaya, ana waƙa a ciki. Vernon ya fito yana dogara sanda.

"Shigo mana, 'yata. Ai gidanki ne."

"Na karanta abin da ka rubuta, Baba."

"Na cire shi tun a ranar."

"Na sani," ta ce a hankali. "Daga allon ka cire."

Ta bi gawar mahaifiyarta har maƙabarta, ta rungume mahaifinta, ta koma. Vernon ya mayar wa fasto akwatin haruffan, bai ƙara taɓa shi ba har ya mutu.

Darasi: wanda ya zo maka da tambaya bai bar bangaskiya ba, wurin tsayawa yake nema. Riƙe abin da ka gaskata, amma kada ka mai da shi bulalar kunyata naka a bainar jama'a. Vernon ya ci gardamar, ya rasa 'yarsa, kuma shi da ya fi kowa son ya gan ta a coci, shi ya rufe mata ƙofa.